Ɗan ɓawon da ke jikin bututu ya isa a tsayar da inji saboda shi?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga manya. Ina koyon aiki ne a wajen tukunyar tururi, kuma akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu kula da inji da masu riƙe da lissafi. Masu inji sun ce a tsayar da aiki a wanke bututun tukunya. Masu lissafi sun ce tururi na fita, injina na juyawa, to me za a gyara? Abin da ke jikin bututun wani farin ɓawo ne, kaurinsa bai wuce milimita 1 ba. Tsakani da Allah, ɗan wannan abin ya isa a rufe aiki?

Baba Bakanike: Wa alaikumus salam. Yaro, ni dai tsohuwar ƙa'idata ita ce, injin da ke aiki lafiya ba a taɓa shi. Motoci da yawa da ƙafarsu suka shigo gareji a wanke musu ciki, aka fitar da su da turi.

Injiniyar Ruwa: Baba, a gafarce ni, zan saɓa maka kaɗan. Kalmar "lafiya" ɗin nan ita ce matsalar. Injin da datti ya kama ba ya tsayawa, ci yake ƙarawa. Aikin da ya saba yi zai yi maka shi, amma da ƙarin mai ko ƙarin wuta, shi ya sa mai lissafi ba ya ganin komai sai dai kuɗin mai da ke hawa a hankali, ya ɗora laifin a wani wuri.

Ƙanena Sabon Shiga, wannan farin ɓawon ma'adinan cikin ruwa ne, galibi kalsiyam da maganiziyam, wani lokaci da silika, ma'adinin da ke cikin yashi. Yawancin abubuwa sun fi narkewa a ruwan zafi, amma shi kalsiyam kabonet akasin haka yake yi: ruwa na ƙara zafi yana ƙara fita daga cikinsa. To ina ne ya fi ko'ina zafi a tukunya? Jikin bututun da wuta ke duka. Nan ɗin da ka fi buƙatar zafi ya wuce, nan yake zaɓa ya zauna.

Ƙarfe irin na tukunya yana wuce da zafi sau ashirin zuwa talatin fiye da wannan ɓawon. Wato milimita 1 na ɓawo tamkar ka ƙara wa bututun kaurin ƙarfe na santimita biyu da rabi ne. Bargo ka lulluɓa wa ruwan, kana kuma hura masa wuta ta waje.

Ɗan Gardama: Hajiya Injiniya, tsaya nan. Idan har sau ashirin da biyar ne, ai da tukunyar ta daina dafa ruwa gaba ɗaya. Amma yaron nan ya ce tururi na fita. Kuma ni duk inda na duba adadin daban yake, wani ya ce milimita 1 na cin kashi 5 cikin 100 na mai, wani ya ce 10, wani ma ya wuce haka. Yawancinsu kuma masu sayar da maganin wanke bututu ne. Wanne za mu ɗauka?

Injiniyar Ruwa: Madalla da wannan tambaya, Malam, kuma kana da gaskiya a rabin maganar. Zafi kafin ya isa ga ruwa shinge uku yake tsallakewa: daga hayaƙin wuta zuwa jikin ƙarfe, cikin ƙarfen kansa, sannan daga ƙarfe zuwa ruwa. A cikin ukun, na farkon ne babba, ƙarfen ba wani cikas ba ne tun asali. Saboda haka ko ka ninka ƙaramin shinge sau ashirin da biyar, jimillar ba za ta ninku haka ba. Teburin da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar wa masu tukunyar tururi ya nuna ɓawo na yau da kullum mai kaurin kusan milimita 0.8 yana cin kamar kashi 2 cikin 100 na mai, wanda kuma ya haɗa ƙarfe da silika yana kai kashi 7 a wannan kaurin. Ka ga ba kauri kaɗai ake dubawa ba, har da irin ɓawon.

Amma ni ba man ne ya fi tayar min da hankali ba. Ruwan da ke cikin tukunya shi ke sanyaya ƙarfen. Idan ɓawo ya shiga tsakaninsu, dole ƙarfe ya ƙara zafi kafin ya iya tura zafin ya ratsa. A yi lissafi mai sauƙi: wurin da kilowat 100 ke ratsa kowace murabba'in mita, milimita 1 na ɓawon kalsiyam zai ƙara wa ƙarfen kusan digiri 50. Milimita 3, digiri 150. In silika ce abin ya fi haka muni sosai. Shi kuwa ƙarfen tukunya na gama-gari, da ya wuce digiri 400 da wani abu yake fara laushi a hankali, ga matsin tururi na turo shi. Sai bututu ya yi ƙullutu, ƙullutun ya yi siriri, wata rana ya tsage. Wannan ba maganar kashi 2 cikin 100 ba ce kuma, maganar ran wanda ke tsaye a gaban tukunyar ce.

Ɗan Gardama: To, wannan ta shige ni. Amma har yanzu ban ji yadda zai shawo kan masu lissafi ba. Ba za su karanta wannan dogon bayanin ba.

Injiniyar Ruwa: Ba sai sun karanta ba. Ya sa ma'aunin zafi a bututun da hayaƙi ke fita, ya riƙa rubutawa kullum a kan nauyin aiki iri ɗaya. Zafin da bai shiga ruwa ba ta nan yake gudu. Ƙa'idar da masu aikin suka saba da ita: duk ƙarin digiri 22 a hayaƙi, an yi asarar kusan kashi 1 cikin 100 na ingancin tukunya. Ya kwatanta da adadin da aka rubuta lokacin da tukunyar take a wanke. Sai dai ya sani, kunkunniyar da ke taruwa ta ɓangaren wuta ita ma tana ɗaga wannan adadin, ta ma fi ɓawo hana zafi wucewa, don haka a goge ɓangaren wuta tukuna a ga abin da ya rage.

Mai Gyaran Esi: Abin da Hajiya ta faɗa shi muke gani kullum, sai dai namu ƙura ce da auduga da gashi. Akwatin esi na waje aikinsa ya zubar da zafin da aka kwaso daga ɗaki. Ku leƙa bayansa ku ga siraran faifan alminiyam ɗin nan da aka jera dab da juna. In ƙura ta cike tsakaninsu, iska ba ta ratsawa, gas ba ya hucewa, matsi ya hau, kwamfuresa ta yi ta nishi tana jan wuta fiye da ƙa'ida. Mai gida zai ce maka gas ya ƙare. Gas ba ya ƙarewa sai in akwai yoyo. Wani kuma sai ya zo ya ƙara gas a kan wanda ke ciki, matsin ya ƙara hawa, a ƙarasa kwamfuresar.

Na cikin ɗakin kuma in ragarsa ta toshe, ƙanƙara yake kamawa. Mutum ya ga ƙanƙara ya ce kai, wannan esi akwai sanyi, alhali ita ƙanƙarar wani dattin ce da ta ƙara toshe hanyar iska. Firiji ma haka, kwamfuta ma haka: fanka ta yi ta kuka, na'urar ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, mai ita ya ce ta tsufa.

Baba Bakanike: Duk na ji. Ni ma ban ce datti abokin inji ba ne. Lagireton da aka yi shekaru ana ɗura wa ruwan famfo zalla, in ka yanke shi za ka ga rabin ramukan sun liƙe da farin abu da tsatsa, mota ta yi ta obahitin har ta ƙona gaskit. Fulogi in ya yi baƙi mota ta fara mis. Na sani. Abin da nake tsoro wankin ne. Injin da ya daɗe ba a canza masa baƙin mai a kan lokaci ba, ciki ya yi kwalta, sai wani ya zuba masa maganin wanki mai ƙarfi. Dattin da ke zaune a gefe bai dami kowa ba ya ɓalle gaba ɗaya, ya gangara kasko, ya toshe ragar famfon mai. Mai ya daina hawa, inji ya buga. Garin gyaran gira an rasa ido.

Injiniyar Ruwa: A nan kam ina bayanka, Baba. A wajenmu ma haka ne. Ƙarƙashin ɓawo tsatsa na cin ƙarfe a ɓoye, tana yin ƙananan ramuka, ɓawon ne ya rufe su. Ranar da aka wanke da asid sai bututu ya fara yoyo ta ko'ina, a ce mai wanki ne ya ɓata. Ba shi ya huda ba, ya dai buɗe abin da aka daɗe ana rufewa. Amma akwai masu ɓatawa da gaske: asid ɗin haidurokulorik ba a sa shi a ƙarfe mara tsatsa ko alminiyam, kuma ko a ƙarfen gama-gari sai da maganin da ke hana shi cin ƙarfen, sannan a ɗauraye a kashe tsaminsa. Don Allah kuma kada kowa ya haɗa asid da bilic, iskar kulorin ce ke tashi, tana kisa.

Wani ɓawon ma kariya ne. Birnin Flint na jihar Michigan a Amurka, a watan Afrilun 2014 aka sauya musu ruwa zuwa na kogin garin, ba a sa sinadarin hana cin bututu ba. Siririn ɓawon da ya shekara yana raba ruwa da tsofaffin bututun dalma ya zube, dalma ta shiga ruwan shan mutane. Saboda haka ba duk abin da ka gani a jikin bututu ake kankarewa ba. Sai ka san mene ne.

Baba Bakanike: Yauwa 'yata. To ai maganarmu ɗaya.

Injiniyar Ruwa: Kusan ɗaya, Baba. Kai ka ce tunda wanki na da haɗari a bar shi. Ni na ce haɗarin ya taso ne daga barin da aka yi masa tun farko.

Tsohon Ɗan Jirgi: Ku kuna maganar zafi, mu a teku jan da ruwa ke yi wa jirgi ne matsalarmu. Jirgi in ya shiga ruwa, ba a daɗewa wani yauƙi ke fara kama cikinsa, ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Bayansa gansakuka ta biyo, bayanta kuma ƙananan halittu masu ƙwanso su manne da wani irin danƙo mai tsananin ƙarfi. Jikin jirgi ya tashi daga santsi ya koma kaushi, ruwa ya riƙa riƙe shi. Wani bincike na 2007 daga makarantar sojan ruwan Amurka ya lissafa cewa jirgin yaƙi da masu ƙwanson nan suka cika wa ciki yana iya buƙatar ƙarin ƙarfin inji har kashi 86 cikin 100 don ya riƙe gudunsa na yau da kullum. Ko yauƙin kaɗai, wanda in ka shafa da hannu zai fita, yana da nasa kason a tankin mai. Farfela kuwa ta fi jiki saurin nuna abin.

Kuma tsohuwar matsala ce. A 1761 sojan ruwan Ingila suka gwada lulluɓe cikin jirgin HMS Alarm da faifan jan ƙarfe. Halittun suka guje shi, amma sai aka tarar ƙusoshin baƙin ƙarfen da ke riƙe da jirgin suna ruɓewa, saboda in ƙarfe iri biyu suka haɗu a ruwan gishiri ɗaya ke cin ɗaya. A ƙarni na 20 aka samu fenti mai sinadarin TBT, ya yi aiki fiye da duk na baya, ya kuma yi ɓarna a halittun gaɓar teku. Faransa ta fara hana shi a ƙananan jirage a 1982 bayan masu kiwon kawa sun yi asara, sannan hukumar kula da sufurin teku ta duniya ta yi yarjejeniyar hana shi a 2001, ta fara aiki a 2008. Baba zai ji daɗin wannan tarihin, kowane magani da nasa ciwon.

Ɗan Gardama: Kyaftin, kashi 86 ɗin nan ai iyakar lalacewa ce, ba abin da kowane jirgi ke fama da shi ba.

Tsohon Ɗan Jirgi: Haka ne, shi ya sa na ce "har". Babu kamfanin da ke cikin hankalinsa da zai bar jirgi ya kai can. Amma jirgin da ya yi makonni a tsaye a tashar ruwa mai ɗumi yana jiran kaya, ranar da ya tashi injiniyan jirgi zai gani a ma'aunin mai.

Mai Famfo: A ƙara da bututun ruwa. Mutane na ganin in faɗin bututu ya ragu da kashi 10 cikin 100, asarar ma kashi 10 ce. Ina! In kana son tura ruwa daidai da na da, matsin da za a rasa a hanya yana hawa da kusan kashi 70 cikin 100, saboda lissafin yana tafiya ne da faɗin an ninka shi a kansa sau biyar. Ba a ma sa kaushin ɓawon ba. Sai a ce famfo ya mutu, a sayo babba, shi ma ya zo ya tarar da bututun nan.

Kyaftin ya tuna min da wata ƙaramar halitta mai ƙwanso mai zane-zane, 'yar asalin yankin Bahar Aswad da Kasfiyan. Ruwan da jirage ke ɗauka don daidaita nauyi ne ya kai ta manyan tafkunan Arewacin Amurka, aka gano ta a tafkin St. Clair a 1988. Tun daga lokacin tashoshin wuta da na ruwan sha a yankin suke kashe maƙudan kuɗi suna fitar da ita daga bututun jan ruwa.

Mai Sola: Namu ya fi na kowa sauƙin gani, kuma ya fi na kowa shan sakaci. Ƙura a kan gilashi na tare haske, wuta ta ragu. Amma ƙurar da ta bazu daidai ba ta kai kashin tsuntsu ɗaya illa ba. Ƙwayoyin faifan a jere aka haɗa su, in ɗaya ta rufu sai ta ja sauran layinta ƙasa, ita kuma ta ɗau zafi, har takan bar tabon ƙuna. Sannan ku lura da gindin faifan da aka kwantar da shi sosai, inda ruwan sama ke tara laka a jikin firam, layin ƙasa duka yana cikin inuwa ba a sani ba.

In kuna son ganin ƙarshen abin, ku duba duniyar Mars. Na'urar InSight ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta sauka a Nuwamban 2018, a Disamban 2022 aka rufe aikinta, ƙura ce ta rufe faifanta har wutar ta kasa. A 2021 sun yi wata dabara: suka sa hannun na'urar ya ɗebo yashi ya zuba kusa da faifan, iska ta kwashi yashin ya goge ɗan ƙurar. Ta ɗan ƙara musu wuta na wani lokaci.

Mai Gyaran Esi: Wato wanke datti da datti. Oga Mai Sola, kada yaranka su ji wannan su hau rufi da yashi.

Mai Sola: Allah ya kiyaye. Ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashi ya yi zafi. In ruwan mai ma'adinai ne kuma aka bar shi ya bushe a kai, an koma ga ɓawon Hajiya.

Tsohon Ɗan Jirgi: Tunda an kai Mars bari in ƙara na sama. Ranar 24 ga Yunin 1982 jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya shiga tokar dutsen Galunggung na Indunusiya da dare. Tokar ta narke a ɗakin wutar injin, ta je ta daskare a jikin faifan da ke bayansa, injina huɗu duka suka mutu. Da suka huce, wani ɓangaren abin ya ɓare, aka samu aka tayar da su, aka sauka a Jakarta. Abin da ke ɗaukar tukunya shekara, a can 'yan mintoci ya ɗauka.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai, manya. Saura ɗaya. Wani ya kawo mana tallar maganaɗisu da ake ɗaurawa a bututun shigar ruwa, wai in an sa shi an rabu da ɓawo, ba gishiri ba sinadari. Masu lissafi sun fi son wannan.

Baba Bakanike: Dole su so shi mana, ba ya cin komai.

Injiniyar Ruwa: Ƙanena, maganaɗisu ba ya fitar da kalsiyam daga ruwa, abin da ya shiga shi zai isa tukunya. Gwaje-gwajen da aka yi a kansa ba su tsaya a magana ɗaya ba, don haka ni ba zan jingina tukunya mai matsi a kansa ba. Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne na'urar tausasa ruwa, wadda ke musanya kalsiyam da sodiyam, ana farfaɗo da ita da ruwan gishiri, sai a riƙa gwada ruwan da ke fita daga cikinta, don takan gaji ba ta faɗa ba. Sannan zubar da ruwan gindin tukunya a kan ƙa'ida, saboda tururi tsarkakakke yake fita ya bar ma'adinan a baya suna ta kauri. Ita silika na'urar tausasawa ba ta kama ta, sai da wannan zubarwar ko matatar da ke tace ruwa ta wata siririyar fatar roba.

Ɗan Gardama: In mai tallar ya dage fa?

Injiniyar Ruwa: A ɗebi ruwa kafin maganaɗisun, a ɗebi wani bayansa, a gwada taurin kowanne a gabansa. Sannan a ce ya rubuta a takarda cewa shi zai biya bututun in ya tsage.